Borno da Sakkwato: Lokacin da Ƙasar Birnin Kudu da Gwaram Ke Bakin Iyakar Manyan Dauloli Biyu

Duk mai sauraron labaran duniya ya saba da takun-saƙar Amurka da Sin. Yau an ƙara wa kaya haraji, gobe an hana sayar da wata na'ura, jibi jiragen ruwan yaƙi suna yi wa juna kallon hadarin kaji a teku. Masana siyasar duniya sun ba irin wannan yanayi suna. A 2017 wani malamin Jami'ar Harvard, Graham Allison, ya yayata abin da ya kira tarkon Tusididis, da sunan marubucin tarihin Girka da ya ba da labarin yaƙin Atina da Sparta, wanda aka fara a shekara ta 431 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ma'anar a taƙaice ita ce, idan sabuwar ƙasa ta taso tana neman kamo wadda ta daɗe tana jan ragama, tsoro kan kama babbar, ƙaramar kuma ta fara jin an raina ta, daga nan sai a wayi gari ana gwabzawa. Allison ya tattaro misalai 16 daga shekaru 500 da suka shige, ya ce 12 sun ƙare da yaƙi.

Cikin 16 ɗin nan babu ko ɗaya daga Afirka. Alhali muna da namu, kuma ba a nesa ba. Wanda ya taso daga Kano ya bi ta Wudil ya iso Birnin Kudu, in ya ɗan ƙara gaba zuwa Babaldu zai ga hanya ta rabu: ɗaya ta yi Ningi da Bauchi, ɗaya ta miƙe ta Gwaram ta nufi gabas. Shekaru 200 da suka wuce, wannan yanki shi ne gefen ƙasar Kano ta kudu maso gabas. Daga shi sai ƙasar Shira, wadda ta daɗe a ƙarƙashin inuwar Borno kafin masu jihadi su karɓe ta. Wato dai mutanen nan sun zauna a inda tsohuwar daula da sabuwa suka yi ta goga kafaɗa.

Yadda Borno ta zama uwa ma ba da mama

Kafin 1804, in ana maganar babbar daula a wannan sashe na Afirka, Borno ake nufi. Gidan sarautar Saifawa ya yi ɗaruruwan shekaru yana mulki, tun suna Kanem a gabashin Tafkin Chadi, har Mai Ali Gaji ya kafa Birnin Gazargamu a ƙarshe-ƙarshen ƙarni na 15. Sarakunansu suna amsa sunan halifa. Mai Idris Alooma, a rabin ƙarshe na ƙarni na 16, yana da 'yan bindiga da Turkawa suka horar, ya aika jakadu Istanbul wajen Sarki Murad na Uku, ya kuma aika Maroko. A lokacin babu wani sarkin Hausa da ke da irin wannan hulɗa.

Ƙarfin nan kuwa yana da tushe a kasuwa. Borno ce ke riƙe da hanyar hamada da ta bi ta Kawar da Fezzan ta ɓulle Tarabulus. Ita ke da gishirin Bilma, da gishirin Manga, da kanwar bakin tafki. Ta wannan hanya dawaki da makamai ke shigowa, bayi kuma su fita. Leo Africanus, wanda ya yi rubutu a farkon ƙarni na 16, ya ce sarkin Borno kan ba da bayi 15 zuwa 20 a kan doki ɗaya. A riƙe wannan lissafi, don zai yi mana amfani nan gaba kaɗan.

Tsohon littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara ya buga a 1908, ya nuna yadda Kano ta shiga wannan inuwa. A zamanin Sarki Dauda (1421 zuwa 1438) wani ɗan sarautar Borno da ake kira Dagaci ya zo Kano da dawaki da tambura da tutoci da bindigogi, aka sauke shi a Ɗorayi. Wanda ya gaji Dauda, Abdullahi Burja (1438 zuwa 1452), shi ne littafin ya ce ya fara kai wa Borno gaisuwa a ƙasar Hausa, shi ya buɗe hanya daga Borno zuwa Gwanja, kuma shi ya fara mallakar raƙuma. Ya auri 'yar Sarkin Dutse da 'yar Sarkin Shira da 'yar Sarkin Rano. Sannan ya fita ya yi sansani shekara ɗaya da wata shida a wani wuri da littafin ya kira Kudu, wanda masu nazari ke dangantawa da Birnin Kudu. Yana zaune a can, Galadimansa Dawuda ya nausa kudu yana yaƙi, yana aiko masa da bayi dubu duk bayan wata biyu.

To, a jera abubuwan nan a duba: gaisuwa ga Borno, buɗe hanyar fatauci, auren 'ya'yan sarakunan da ke kan hanyar gabas, da farautar bayi daga sansanin Kudu, duk a zamanin sarki ɗaya. Littafin bai ce ga dalili ba, amma a ganinmu abu ɗaya ne mai fuska huɗu. Kano tana son shiga kasuwar da Borno ke riƙe da ƙofarta, kuma kuɗin shiga kasuwar nan mutane ne. Yawancin baƙi sun san Birnin Kudu ne saboda zanen shanu na zamanin da da ke jikin duwatsunta, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habuɗe, waɗanda masu bincike suka fara bayyana wa duniya a shekarun 1950. Amma wannan ɗaya tarihin ma nata ne, ko da ba shi da daɗin ji.

Ba kullum Kano ke sunkuyawa ba. Muhammadu Kisoke (1509 zuwa 1565) ya kai hari har Nguru, Borno ta biyo shi shekara mai zuwa ba ta ci birnin ba. Limamin Idris Alooma, Ahmad ibn Fartuwa, ya rubuta yadda maigidansa ya rusa garuruwan da Kanawa suka kakkafe a bakin iyaka suna kai hari daga cikinsu. A zamanin Kumbari (1731 zuwa 1743) wani Mai Ali ya zo ya sauka a Fage kwana uku, malamai suka shiga tsakani, ya juya ba a zub da jini ba. Kowane karo dai, Borno ce ke zuwa ƙofar Kano. Kano ba ta taɓa zuwa ƙofar Gazargamu ba.

Akwai kuma wani irin ƙarfi da ba na takobi ba. Galadima, Ciroma, Yarima, duk sarautun Barebari ne da fadojin Hausa suka ara. Masanin harsuna Joseph Greenberg ya nuna a 1960 cewa kalmomi irin su karatu da rubutu da kasuwa ta bakin Barebari suka shigo Hausa. Har gobe in aka ce almajiri ya tafi gabas an san abin da ya je nema, kuma kalmar gwani ita ma daga can take.

Tsagewar bango

Abin da ake yawan tsallakewa shi ne, Borno ta fara rauni tun kafin a haifi rikicinta da Sakkwato. A tsakiyar ƙarni na 18 an yi fari da yunwa masu tsanani. Wajen 1759 Abzinawa suka ci rundunar Borno a Ashegur, suka karɓe cinikin gishirin Bilma. Daga nan ayarin gishiri ya koma bi ta Abzin yana sauka kai tsaye a kasuwannin ƙasar Hausa, ba sai ya biya ta hannun Barebari ba. A 1781 kuma Mandara, wadda a da ƙaramar mai biyayya ce, ta karya rundunar Mai. Bagirmi da Wadai a gabas suna ta ɗaga kai. Sunan yana nan, gaisuwa tana zuwa jefi-jefi, amma riba ta fara zurarewa yamma, zuwa Katsina da Kano.

Sai ga 1804. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu, aka yi Tabkin Kwatto a watan Yuni. Da wutar ta iso Katsina da Kano da Daura, sarakunan suka yi abin da mai biyan gaisuwa ke da haƙƙin yi: suka nemi agajin Mai Ahmad. Ya aika, agajin bai hana komai ba. Sarkin Kano Alwali ya rasa birninsa, aka kashe shi a Burumburum wajen 1807. Amma wannan agaji da bai yi amfani a fagen fama ba, shi ya zama babbar hujjar da aka riƙe a kan Borno daga baya.

A lura da waɗanda suka kai yaƙin cikin Borno. Ba runduna aka taso daga Sakkwato ba, a lokacin ma ba a gina birnin Sakkwato ba tukuna. Fulanin da ke zaune a yammacin ƙasar Borno ne, a yankin da Galadiman Borno ke kula da shi daga Nguru: su Umaru da Sambo a wajen Haɗejiya, Malam Ibrahim Zaki a wajen Shira, da Gwani Mukhtar. Suka karɓi tuta, suka ci ƙananan ƙasashen Auyo da Tashena da Shira, sannan a 1808 Gwani Mukhtar ya shiga Birnin Gazargamu kanta. Mai Ahmad, tsoho kuma makaho, ya gudu ya miƙa wa ɗansa Dunama sarauta. A shekarar nan ce kuma Alƙalawa ta faɗi. Cikin shekara huɗu, jama'ar da ta fara a matsayin 'yan gudun hijira ta kori sarakunan manyan birane biyu.

Malami ya gamu da malami

Abin da ya ceci Borno ba ɗan sarki ba ne. Wani malami ne mazaunin Ngala, Muhammad al-Amin al-Kanemi, wanda Hausawa suka fi sani da Shehu Laminu. An haife shi a Fezzan, ya yi karatu, ya yi aikin hajji, yana da mabiya cikin Kanembu da Larabawan Shuwa. Mai Dunama ya kira shi, suka ƙwato birnin, Gwani Mukhtar ya rasa ransa. Ibrahim Zaki ya sake cin birnin, aka sake korarsa, amma daga nan Gazargamu ba ta ƙara zama mazaunin sarki ba. A 1814 Shehu Laminu ya gina nasa garin, Kukawa, kuma sannu a hankali iko ya koma can, Mai ya zama sarkin suna.

Nan ne labarin ya fi daɗi ga mai son ilimi, domin Shehu Laminu bai tsaya ga mashi ba, ya ɗauki alƙalami. Ya rubuta wa shugabannin jihadi yana tambayar dalilin da ya sa ake yaƙar mutanen da ke salla suna azumi suna ba da zakka. Bai musa cewa akwai ɓarna a Borno ba: ana yanka a wasu wurare don neman tabarraki, mata na fita ba lulluɓi, alƙalai na cin hanci, ana cin dukiyar marayu. Abin da ya ce shi ne, duk waɗannan saɓo ne, saɓo kuwa ba ya fitar da mutum daga Musulunci. Ya ƙara da cewa irin wannan ana yi a Masar da Sham, kuma ba wanda ya ce a yaƙe su. Ya ma ce ya karanta littattafan Shehu Usmanu, yana ganin girmansa, abin da mabiya ke yi ne ya saɓa wa abin da ke cikin littattafan.

Muhammadu Bello ne ya fi ɗaukar nauyin amsawa, kuma shi ya adana wasiƙun, har da na abokin hamayyarsa, a cikin Infaƙul Maisuri da ya kammala a 1812. Wannan kaɗai abin yabo ne, don ba kowane mai mulki ke ajiye hujjar wanda ya ƙure shi ba. Amsarsa mai ƙarfi ba ta kan yanke-yanke ba ce. Cewa ya yi Mai ya taimaki sarakunan Hausa a kan Musulmi, wanda kuwa ya jiɓinci masu yaƙar Musulmi hukuncinsa ya zama nasu.

A ajiye rigar fiƙihu a gefe na ɗan lokaci, a dubi abin da ake ja a kai. Borno tana cewa: waɗannan ƙasashe masu kawo mini gaisuwa ne, kare su wajibina ne. Sakkwato tana cewa: tsarin da ya ba ka wannan matsayi ya ƙare, yanzu akwai sabon Amirul Muminina. Halifa biyu a yanki ɗaya, kowanne da malamansa da littattafansa. Ba muna cewa addinin fakewa aka yi da shi ba, mutanen nan da gaske suke, sun kuma sa rayukansu a kai. Sai dai tambayar wa ke da ikon cewa wane halattaccen sarki ne, ita ce tambayar da kowace babbar daula ke ƙin sakin amsarta. Dubi ma sunayen sarautun da aka raba: Ibrahim Zaki na Katagum an kira shi Sarkin Borno, gidan Gwani Mukhtar kuma Sarkin Borno ta Gabas. Ai ka ji inda aka dosa.

Shekarar da Kano ta firgita

Bayan rasuwar Shehu Usmanu a 1817, kowane ɓangare ya shagala da nasa. Bello yana fama da Gobirawa da Kabawa da tawaye, Ibrahim Dabo da ya hau gadon Kano a 1819 yana fama da nasa masu bijirewa, Shehu Laminu kuma yana fama da Bagirmi. A 1824 ya karya Bagirmi a Ngala, bayansa ya samu sauƙi, sai ya juyo yamma. Muhammadu Manga, ɗan Gwani Mukhtar, ya daɗe yana kai hare-hare cikin yammacin Borno. A ƙarshen 1826 Shehu Laminu ya fito da babbar runduna ya kore shi, ya kuma bi sawunsa. Masarautun gabas suka kasa tare shi, ya kutsa cikin ƙasar Kano.

Muna da shaidar gani da ido a kan yadda hankula suka tashi, domin Baturen Ingila Hugh Clapperton yana ƙasar a lokacin, a zuwansa na biyu, tare da yaronsa Richard Lander. Clapperton ya zo da wasiƙa da kyaututtuka daga gwamnatinsa zuwa ga Shehu Laminu, cikinsu har da makamai. Bello ya sa aka karɓe su, ya hana shi wucewa Borno. Clapperton ya fusata ƙwarai, yana ganin an ci amanar baƙo, kuma a Sakkwato ya rasu a watan Afrilun 1827. Amma tsakani da Allah, wane sarki ne zai bar a bi ta ƙasarsa a kai wa wanda ke yaƙarsa bindiga? Wanda ya ji labarin takunkumin da Amurka ta sa a watan Oktoban 2022 na hana sayar wa Sin manyan ƙwaƙwalen kwamfuta, ya san wannan dabara ba sabuwa ba ce.

Wanda ya tare Shehu Laminu shi ne Sarkin Bauchi Yakubu, almajirin Shehu Usmanu, kuma ba Bafulatani ba, mutumin Gerawa ne. Ya taso daga kudu da rundunarsa, suka haɗu a wani wuri da ake kira Fake, a gabashin ƙasar Kano, a farkon 1827. Labaran Bauchi sun ce an fatattaki Barebari har an kwashe tambura da dawaki ganima. Wasu masana tarihin Borno suna ganin kowa ya ji jiki ne kawai. Abin da ba a jayayya a kai shi ne Shehu Laminu ya juya gida, kuma Borno ba ta sake fitowa da irin wannan runduna don ƙwato yammacinta ba. A 1831 Bello ya ba Muhammadu Manga garin Misau. Haɗejiya da Katagum da Jama'are da Misau suka tabbata a matsayin katanga tsakanin dauloli biyu, ƙasar Birnin Kudu da Gwaram kuma ta zama tana bayan katangar. Bello da Shehu Laminu duka sun rasu a 1837.

Inda aka yi ainihin kayen

In ka tambaye mu, ba a Fake aka raba gardama ba. A marina aka raba ta, da bakin masaƙa, da rumfunan Kurmi.

Jihadi ya haɗa Kano da Katsina da Zazzau da Bauchi da Nufe da Adamawa ƙarƙashin tuta ɗaya. Garuruwan da a da suke yaƙar juna suka zama kasuwa guda mai faɗi, mai kuɗi iri ɗaya, wato wuri. Auduga da baba suna fitowa daga karkara, bayin da aka kamo daga kudu suna noma a rinji da gandaye, masaƙa da marina suna aiki, garuruwa irin su Kura suka shahara da baƙin turkuɗi mai ƙyalli da Abzinawa ke so. Da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da garin ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300 a ƙalla, a lokacin da dalar azurfa ɗaya take wuri 2,500. Ya tarar kayan Kano suna kai wa Murzuk da Ghat da Tarabulus, suna kai wa har Tumbuktu.

Borno fa? Tana nan tana sayar da kanwa da gishiri da dawaki da dabbobi. Barth ya ƙiyasta cewa kayan kanwa kusan 20,000 ke ratsa Kano a shekara a kan hanyarsu ta zuwa Nufe. Ka ga an juya: wadda a da take riƙe da ƙofa ta koma mai kawo ɗanyen kaya, ta sayi rinanniyar riga daga wajen wanda yake kai mata gaisuwa jiya. Fatake 'yan asalin Borno da yawa suka tare a ƙasar Hausa suka zama Hausawa, irin su Kambarin Barebari da suka yi suna a fataucin goro zuwa Gwanja. Babbar alama kuwa ita ce ta kuɗi. Borno ta daɗe tana ciniki da gabaga, wato ƙyallen saƙi, amma a ƙarshen shekarun 1840, zamanin Shehu Umar, ta karɓi wuri. Ranar da ƙasa ta fara ƙirga dukiyarta da kuɗin abokiyar hamayyarta, to magana ta yi nisa. Shi ya sa yau ake ta ce-ce-ku-ce a kan dala da yuwan.

A 1846 kuma gidan Saifawa ya ƙare gaba ɗaya. Mai Ibrahim ya gayyato Wadai don ya ƙwato ikonsa, Shehu Umar ya kashe shi, sarauta ta koma gidan al-Kanemi. Wato ƙalubalen Sakkwato bai ci Borno ba, amma ya sauya mata masu mulki, ya mai da ita daular da malami ya kafa, kamar dai abokiyar hamayyarta.

A nan ne misalinmu ya ɗan saɓa wa lissafin Allison. Shi yana kallon ƙasashe biyu tsayayyu, ɗaya na hawa ɗaya na tsoro. A nan kuwa babbar ta riga ta raunana shekaru 50 kafin ƙaramar ta bayyana, waɗanda suka fara kai mata sara talakawanta ne, kuma bayan an gwada ƙarfi sau ɗaya an ga ba mai iya haɗiye wani, sai aka zauna shekaru sama da 60 ana ciniki ana harara. Almajiran ƙasar Hausa ma ba su fasa tafiya gabas ba.

Harara daga nesa, duka a kan na kusa

Zaman nan ba lafiya ba ce ga kowa. Manyan sun daina karo da kansu, sai suka koma tura na ƙasa. Gumel ba ta taɓa karɓar tutar Sakkwato ba, ta tsaya a ɓangaren Borno. Damagaram ma haka, ita ce kuma ta yi ƙarfi a zamanin Sarki Tanimu har tana ƙera igwa, daga baya ta riƙa kai wa Kano hari a shekarun 1890. Mafi muni shi ne na Sarkin Haɗejiya Buhari. Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya tuɓe shi ya naɗa ɗan'uwansa Ahmadu, Buhari ya jingina da Borno ya dawo ya ƙwace gadon, ya karya rundunar da aka haɗo masa a Kafur, ya yi ta kai hari gabashin ƙasar Kano da Katagum yana kwasar mutane har ya rasu a 1863. Ga Kukawa, wannan riba ce ba tare da ta fitar da runduna ba. Ga manomin da aka kama a gonarsa aka kai kasuwa, sunan wanda ya ci riba bai dame shi ba.

Su kuwa mutanen Birnin Kudu da Gwaram, babbar masifarsu daga wata kusurwa ta ɓullo, kuma daga cikin gida. Wajen 1846 wani malami, Malam Hamza, ya bar Tsakuwa ta ƙasar Kano da jama'arsa saboda rikicin haraji, ya shige duwatsun Ningi. Can suka haɗa kai da mutanen duwatsun suka kafa ƙasarsu, wadda Kano da Bauchi suka kasa murƙushewa har zuwan Turawa. Shekara da shekaru mayaƙan Ningi suna faɗa wa kudu maso gabashin Kano. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi (1855 zuwa 1883) ya sha fita yaƙi da su, aka yi ta ƙarfafa garuruwan ribaɗi da ganuwa a wannan gefe. Abin lura a nan shi ne, sabuwar daular da ta taso da kukan zaluncin haraji, cikin shekara 40 ta samu nata malamin da ya yi mata hijira a kan haraji.

Ƙarshen hamayyar bai zo daga ɗayansu ba. A 1893 Rabeh ya taso daga gabas da bindigogin zamani ya ci Borno, ya rusa Kukawa, ya koma Dikwa, kuma cikin waɗanda suka mara masa baya har da Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Muhammadu Bello. Faransawa suka kashe Rabeh a Kusuri a watan Afrilun 1900. Ingilishi suka shiga Borno a 1902, suka ci Kano a watan Fabrairun 1903, Sakkwato a watan Maris. Suka sa Gumel da Haɗejiya a lardi ɗaya da Kano, ba ruwansu da wa ke kai gaisuwa ina. Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991, Gumel ta ɓangaren Kukawa, da Haɗejiyar Buhari, da Birnin Kudu da Gwaram da ke ƙarƙashin Masarautar Dutse a yau, duk suka koma karɓar umarni daga gidan gwamnati ɗaya. Sarkin Misau kuwa, a can Jihar Bauchi, har yanzu gidansa na amsa sunan Sarkin Borno ta Gabas.